Sahun Tsinta

Aikin sojan ruwa ya bar mini wata ɗabi'a da na tsufa da ita: ba na iya wuce ƙusa a ƙasa. Ko noti ne, ko guntun waya, ko ɗan ƙarfen da ya faɗo daga keken yara, in dai idona ya sauka a kai sai na duƙa na ɗauka na sa aljihu. Na yi a bakin tiram, na yi a harabar asibiti, har ranar ɗaurin auren 'yata na yi, da babbar riga a jikina. Matata Hajiya, Allah ya ji ƙanta, ta yi faɗa har ta gaji, domin ita ke wanki, kuma ba sau ɗaya ba injin wankinmu ya yi ta ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Daga baya ta bar faɗan. Ta samo kwalbar kafe da ta ƙare, ta ajiye a bakin tagar ɗakin girki. Kullum da yamma in na sauya kaya sai ta zazzage aljihuna a tafin hannunta, ta juye a kwalba, ta ce, "Malam, yau ma ka ceci Faransa." Kwalba ta cika, ta samo wata. Suna nan jere a bakin tagar.

Ta rasu a ƙarshen sanyin da ya wuce, bayan 'yar gajeriyar jinya. Gidanmu yana can sama a ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen Minguettes, a Vénissieux, gefen Lyon, kuma ba shi da faɗi. Duk da haka mutane sun zo. Na Vaulx-en-Velin sun zo, ɗalibai 'yan gida da Hajiya ke dafa wa tuwo ranar Lahadi sun zo, 'yata ta sauko daga Paris. Takalma suka cika baranda har bakin asansar, na'urar hawa bene. Sai Litinin ta yi, kowa yana da aikin da ba ya jira, gida ya koma shiru. Abin da ya rage shi ne waya, cike da saƙonnin murya daga Damagaram da Maraɗi da Yamai, kowane da doguwar gaisuwarsa da addu'arsa. Nakan zauna a tebur in saurare su ɗaya bayan ɗaya, in ce amin, ba mai jina. Da muna yara, in aka yi rasuwa a unguwarmu, rumfa ake kafawa a ƙofar gida a shimfiɗa tabarmi. Maza su zauna tun hantsi, wani ya tashi wani ya maye wurinsa, ba a cika magana ba, sai ƙarar carbi da sallamar mai shigowa, daga cikin gida kuma ana jin turmi. Wanda aka yi wa rasuwa ko kewayawa zai yi sai wani ya miƙa masa buta. Ban ce mutanen yanzu ba su kyauta ba. Sun yi abin da ƙasar ta bar su su yi. Ni ne dai bayan sun watse na rufe ƙofa. Na koma yin salla a ɗaki. Maƙwabcina Alhaji, mutumin Tawa, wanda muka daɗe muna sauka masallaci tare, yakan ƙwanƙwasa, in ce masa gwiwa ce ta matsa mini. Ya yi ta zuwa, daga baya ya koma ajiye mini burodi a bakin ƙofa.

Ana cikin haka jikana Isufu ya zo. Ɗan 'yata ne, a Paris aka haife shi, Hausarsa duk inda ta huje da Faransanci yake toshewa. Hutun lakwal duka a wurinmu yake yi tun yana ƙarami. Hajiya ba ta kiransa sai "maigidana", shi kuma ya ce ni ɗan haya ne a gidan matarsa. Shi kaɗai ne cikin zuriyata ya bi hanyata, sai dai ya wuce ni nesa: ni ƙasan jirage na yi aiki, shi tuƙa su ya koya, irin masu saukar ungulu da ke fita teku neman waɗanda ruwa ya rutsa da su. Ya gama karatu, an ɗaura masa galo na ƙaramin hafsa, an tura shi wata rundunar jiragen saman sojan ruwa a gaɓar yamma. Kafin ya kama aiki aka ba shi 'yan kwanaki, sai ya ɗauko jakarsa ya zo wurina.

Wata ranar Alhamis ya matsa sai mun sauka karɓo maganina tare. Muka je muka dawo. Da muka shigo ya ajiye ledar magani a tebur, ya tsaya yana kallona.

"Tsoho, ka tsallake noti."

"Wane noti?"

"A bakin farmasi. Babba, har walƙiya yake. Ka gan shi. Na ga ka gan shi."

Na ce gwiwa ce.

"Gwiwar da ta hau bene shekaranjiya da asansar ta lalace?" Ya ja kujera ya zauna. "Ran Litinin zan kira rundunar. Zan ce a ɗaga mini, ko a ba ni aikin ofis nan kusa. Raison familiale, dalilin iyali, suna karɓa."

"Gurbinka fa?"

"A ba wani. C'est pas grave. Ni da kai mata ɗaya muka rasa. Gwauraye biyu, sai mu zauna mu yi ta cin makaroni."

Ya faɗa da dariya, amma na san yaron, ya riga ya yanke. Na kuma san abin da bai faɗa ba. Gurbi a irin wannan runduna ba ya jiran kowa, wanda ya ja da baya a bakin ƙofa kuwa da wannan ake tuna shi. Shekarun da ya yi yana karatu ina gani, kowace jarrabawa tasa Hajiya sai ta yi azumi. Ga shi zai ajiye duka don tsoho ya ƙi duƙawa. Ban yi masa faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa. Na ce masa tun da ya zo yake tsokanata wai tsohon soja ya ba shi sirrin aiki, to ya zuba mana shayi, yau zan ba shi.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Na gama ƙaramar lakwal a Damagaram, na yi zaman gareji ina koyon inji. Mahaifina tsohon sojan Faransa ne, ta dalilinsa na sami takardun da suka kawo ni, kuma da na zo ban daɗe ba na shiga sojan ruwa. Kafin nan ruwa mafi girma da na sani shi ne tabkin bayan gari da muke iyo da damina. Sai ga ni a jirgin ruwa mai ɗauke da jiragen sama a bayansa, mai girman unguwa guda, da gidan burodinsa da asibitinsa da wanzaminsa. Har yau in na rufe ido ƙararsa nake fara ji kafin in ga siffarsa: jan sarƙoƙin da muke ɗaure jirage da su, usur ɗin lasifika kafin a yi sanarwa, da wani dum da ke girgiza gado duk lokacin da aka harba jirgi sama. Burodi ma warin kananzir yake. Aikina na farko shi ne ɗaure jirgi in ya sauka da sa masa waigi a taya, sai daga baya aka yarda na taɓa inji. Salla kuwa a wani lungu nake yi bayan akwatunan kayan aiki. Jirgin yakan juya ya fuskanci iska in za a tashi jirage, sai in tada kabbara ina duban gabas in sallame ina duban inda Allah kaɗai ya sani. Abin ya dame ni har sai da muka tsaya wata tashar ruwa na tambayi wani malami, ya ce in fara daidai, sauran ba ni ke tuƙi ba.

A cikin ayyukan jirgin akwai ɗaya da na fi so, shi ne tsinta. Injin jirgin sama yana zuƙar iska da ƙarfi, duk abin da ke ƙasa kusa da shi haɗiyewa yake. Noti ɗaya in ya shiga zai iya farfasa injin, mutum yana sama, ƙarƙashinsa ruwa. Saboda haka kafin a fara tashi sai lasifika ta kira, kowa ya hau filin saman jirgi: makanikai, matuƙa, hafsoshi, har mai dafa abinci in hannunsa ba kome. A ja sahu ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, tsakanin mutum da mutum kamar tsawon hannu. A sunkuyar da kai, a taka a hankali daga gaba har baya, kowa yana duban abin da ke gaban ƙafarsa. Abin da ka tsinta ka riƙe, a ƙarshe a zuba a bokiti. Ni aikin bai zo mini baƙo ba. Inna, mahaifiyata, takan zaunar da ni gaban faifai in tsince mata tsakuwa a shinkafa ko wake, tana daka tana leƙowa, tana cewa, "Duba da kyau, babanka ba shi da sauran haƙoran da zai yi asara." Amma abin da ya sa nake son tsintar jirgi daban ne. A duk rayuwar wurin, wani yana gaba wani yana baya, har a layin abinci. A sahun nan kaɗai ne ba na gaba ba na baya. Kwamanda yana iya faɗowa kusa da kai, in ya ga waya shi ma duƙawa zai yi.

Muna tsakiyar teku, mun yi nisa da kowace ƙasa, saƙo ya zo cewa Inna ta rasu. A zamanin nan saƙo sai ya bi hannu da hannu, daga gida zuwa gidan waya, daga can zuwa hedikwata, sannan ya iso jirgi. Kafin ya same ni an daɗe da rufe ta, har an tashi daga zaman makoki. Yanzu mutum yana Lyon ana nuna masa makara a waya. Ban san wanne ya fi sauƙi ba.

Wanda ya gaya mini wani ƙaramin hafsa ne da bai daɗe da zuwa rundunarmu ba, sa'an Isufu na yau, gemunsa bai gama fitowa ba. Ya kira ni, ya miƙe tsaye ya karanta mini, ya ba ni hannu. Na ga abin ya taɓa shi. Nan take ya ce ya ɗauke mini kowane aiki sai ranar da na ji zan iya, ya kuma tara abokan aikina ya ce a bar ni in huta, kada wanda ya dame ni. A wurinsu wannan shi ne girmamawa, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Abokaina suka bi umurni. In na shigo ɗaki sai su rage murya, ɗaya bayan ɗaya su fice. A wurin cin abinci su bar mini tebur ni kaɗai. Ba wanda ya yi mini laifi. Na kwanta a ɗan gadon nan da in ka ɗaga kai sai ka bugi na sama, ina jin sarƙoƙi a bisa kaina, ina jin lasifika tana kiran tsinta, ƙafafu suna hawa, ni ba na ciki. Abinci ya daina shiga. Na koma zuwa can ƙarshen jirgi, inda ake ganin farin kumfar da yake bari a baya, in tsaya. Ba zan ce na yi niyyar wani abu ba. Amma na riƙa daɗewa ina kallon ruwan nan fiye da yadda ya kamata.

A nan hafsan ya same ni wata rana da la'asar. Ya tsaya kusa da ni, shi ma ya dubi ruwan. Bai ce in yi ƙarfin hali ba. Can ya ce, "A garinku, in uwar mutum ta rasu, me ake yi?"

Tun da na zo ƙasar ba wanda ya taɓa yi mini tambaya irin wannan. Na harhaɗa Faransancin da nake da shi na ce, "Ba a barinsa shi kaɗai. Zuwa ake a zauna da shi, ba sai an yi magana ba. Ana tsayawa sahu, kafaɗa da kafaɗa, a yi mata addu'a. In an gama kowa ya ba shi hannu."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Ashe akasin haka na sa aka yi maka." Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Gobe da safe ka fito tsinta. Umurni ne."

Na fito. Ya kama hannun rigata ya kai ni tsakiyar sahu, ya tsaya a damata. Ban san abin da ya gaya wa mutane ba, amma ranar ba a bar tsawon hannu ba. Suka matso har kafaɗa ta taɓa kafaɗa, sahun ya tsuke bai kai gefe da gefe ba, dole sai da aka taka filin sau biyu. Shef ɗin fili, wani tsoho mai faɗa, ya yi ta gunaguni a kan lokaci, amma yana hagu da ni, bai matsa ba. Ba mai magana. Iska tana kaɗa rigunanmu, kowa kansa a sunkuye. Mutanen nan ba su san Fatiha ba, wasunsu ko cocinsu ba sa zuwa. Ni na karanta abin da na iya a cikin bakina, na roƙa wa Inna gafara tun daga gaban jirgi har bayansa, muka juyo na sake. Na tsinci guntun jar waya, na jefa a bokiti kamar kowa. Da aka gama suka bi layi suna ba ni hannu, ba wanda ya yi dogon bayani. Mai dafa abinci ya cusa mini burodi mai zafi a aljihu. Ranar na ci. Hafsan nan daga baya an sauya masa wuri, ban sake ganinsa ba, ban sani ba ko yana da rai. Na yi aiki a ƙarƙashin waɗanda suka fi shi iya tuƙi da iya magana, na manta fuskokinsu.

Shayi ya huce kafin in kai nan. Na ce wa Isufu, tuƙi an koya masa, ba ni da abin ƙarawa. Abin da ba a koyarwa shi ne za a ba shi mutane, wasu sun haife shi, kowa da irin gidan da ya fito. Alherin da zai yi musu zai auna shi ne da mudun gidansu shi, kuma wani lokaci ba zai yi daidai ba, don haka ya riƙa tambaya. In an kira tsinta ya fita, ko takardu sun kai masa wuya, kada ya tsaya gefe yana duba agogo. In ya shiga sahu kuma ba ƙasa kaɗai zai duba ba, ya lura da wanda yau babu shi, da wanda ya koma cin abinci shi kaɗai. Na ce akwai wani yaro can a rundunar da ko saninsa bai yi ba, wata rana saƙo zai zo masa, yana bukatar hafsan da zai tambaye shi. Saboda haka ya tafi.

Ya juya kofinsa a tebur. "To ai ka gama yanke mini hukunci, Tsoho. Ba a barin mutum shi kaɗai. Da bakinka ka faɗa."

Ban ga zuwan wannan ba. Na ɗauko labarin don in kore shi, ga shi ya zama igiyar ɗaure shi. Sannan na ce hafsan nan bai kwaso kayansa ya dawo ɗakina ba, bai bar aikinsa ba. Mayar da ni ya yi cikin mutanena.

"D'accord," in ji shi. "Kai ina naka sahun?"

Na dubi taga.

"Can wani ne ya ce a bar ka ka huta. Nan kai ka ba kanka hutu, ka kori kowa. Alhaji ya tare ni a asansar, ya ce burodi kawai yake gani yana ɓacewa, da haka yake sanin kana da rai." Ya miƙe ya tattara kofuna. "Gobe Juma'a, ya ce da safe suna gyara harabar masallaci. Ka fito. Umurni ne."

"Kai ɗin? Ko gemu ba ka da shi."

"Wancan ma ka ce ba shi da shi. Ga galo a kafaɗata, kai ba ka taɓa samu ba. In na gani da idona, ba zan kira su ba. In ka ce gwiwa, ran Litinin ina nan, kuma makaroni kaɗai na iya dafawa."

Masallacinmu ƙarami ne, a ƙasan wani gini yake. Ran Juma'a ba ya ɗaukar jama'a, sai a shimfiɗa tabarmi a filin ajiye motoci da ke gabansa. Tsofaffin unguwa, waɗanda aiki ya sallama, su ke fitowa da hantsi su tsince fasassun kwalabe da guntayen taba kafin a shimfiɗa. Da muka iso Alhaji ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, gwiwa ta warke ke nan?"

"Da sauƙi, Alhaji."

"Madalla. Mu mun ce ko Faransa ce ta sake kiranka soja, ta rasa matasa."

Sauran suka yi dariya, aka gaisa, aka yi wa Hajiya addu'a a taƙaice, kowa ya koma aikinsa. Na tsaya ina kallonsu. Wannan ya nufi gabas, wancan ya nufi yamma, wuri ɗaya mutum uku sun bi ta kansa, wani wurin ba wanda ya leƙa. Na yi ƙoƙarin yin shiru, na kasa. Na ce su zo su ja sahu. Wani Balaraben Aljeriya ya ce ga janar ya iso, amma suka zo, da sandunansu da ledojinsu. Alhaji ya tsaya a damata. Shi ma ya binne matarsa shekarun baya, a maƙabartar da aka kai Hajiya. Kafaɗarsa dai tana taɓa tawa. Muka taka. Duƙawar farko sai da na dafa shi, gwiwar ashe ba duka ƙarya ba ce. Fasasshiyar kwalba na jefa a leda. Gaba kaɗan na ga ƙusa, hannuna da kansa ya kai ta aljihu. Da na waiga, Isufu yana can ƙarshen sahu, kansa a sunkuye, yana tafiya daidai da tsofaffi. Litinin ta zo ta wuce, bai kira kowa ba.

Na raka shi Paris, domin daga can zai kama jirgin ƙasa na yamma, kuma uwarsa tana son ganinmu tare. Hajiya ba ta taɓa barin matafiyi ya bar hannunta ba guzuri ba, sai na ce mu biya kasuwar Château Rouge. Lokacin da na kawo ta ƙasar nan, daddawa da kuka sai an roƙi mai zuwa daga gida ya ƙunso a cikin kaya, ta yi ta lallaɓa su kamar turare. Yanzu ka fito daga metro ƙamshin ne zai tare ka, ga masu nama, ga masu atamfa, ga yara suna ciniki da harshe uku. Muka shiga shagon da takan saya duk zuwanmu. Na ce a ba ni yaji da kilishi da dabino. Mai shagon, wata Hajiya 'yar Maraɗi, tana ƙullawa ta ce, "Ina ƙawata? Yau ta aiko ka kai kaɗai, ta yarda da kai ke nan?" Na gaya mata. Ta ajiye ledar, ta zagayo daga bayan kanta ta tsaya kusa da ni. Masu saye suna jira, ba ta dube su ba. Mun ɗan jima a haka, sannan ta yi addu'a ta koma ta ƙarasa ƙullin.

A tasha Isufu ya saɓa jakarsa, uwarsa tana ta gyara masa wuyan riga kamar mai tafiya lakwal.

"Saura wata shawara, Tsoho?"

"In kana jirgin ruwa, tambayi alƙibla kafin ka tada salla. In ya juya da kai, ka ci gaba. Kuma ka zazzage aljihunka kafin ka hau fili."

"Kai ke faɗin wannan?"

"Ni a ƙasa nake tarawa."

Ya rungume ni irin tasu ta nan, ya ce a kunnena, "Ka kula mini da kwalaben matata." Ya shiga, jirgi ya ja.

Na kwana biyu wurin 'yata na koma Lyon. Na isa gida da la'asar, na sauya kaya, na ɗauki wandon na nufi ɗakin girki. Sai da na kai bakin taga na gane tsayawa na yi ina jira a karɓa. Sannan na zazzage aljihun a tafin hannuna: ƙusar masallaci, wani noti daga tashar Paris, guntun waya da ban tuna inda na ɗauka ba. Na buɗe kwalbar ƙarshe na juye. Ƙarar ita ce dai ta da. Ba wanda ya ce na ceci Faransa.

Isufu ya kira bayan ya kama aiki, gaisuwar waya, gajeriya. Ya ce tun safiyar farko aka kira tsinta, ya fita, bai sami komai ba, wani makanike kusa da shi ne ya tsinci ɗan ƙarfe, shi kuma ya tambaye shi sunansa da garinsu. Ya ce Juma'a fa? Na ce muna nan, har an ƙaru, sai dai Balaraben nan har yanzu ba ya riƙe layi.

Kwalbar ta kusa cika. Ni ba na shan kafe, Hajiya ce mai sha. Na gaya wa Alhaji in nasa ya ƙare kada ya yar da kwalbar.